Taƙi Ɗaya na Madobiya

Baba Cindo ya bar mini shago a Panteka,
da zarto biyu, da gizago mai giɓi,
da bashin hayar wata huɗu,
da falle ɗaya jingine a bayan ƙofa,
ƙafa tara, na madobiya.

Ya ce, "Wannan ba na kowane aiki ba ne.
Ranar da aikinsa ya zo, za ka gane."
Ban tambaye shi ta yaya ba.

Abin da na sani, hannuna ne ya koya.
Ƙusa ba ta shigarta da gadara,
sai ta lanƙwashe, ta juyo tana kallonka.
Huda mata hanya tukuna, ka lallaɓa.
Zarto in ya ci kamu uku sai an wasa shi.
Garinta na sa atishawa,
ƙamshinta kuma ya raka ka har gida,
tun daga zaure Saude ke cewa,
"Yau ka taɓa madobiya."

Farin gefen nan rabon gara ne, bar mata.
Amma zuciyar, ja mai ratsin baƙi,
kalar shayin da aka manta a kan wuta,
gara ta zo, ta sunsuna,
ta koma da yunwarta.
Ƙwanƙwasa malaina, ka ji muryar mai mura.
Ƙwanƙwasa wannan, ta amsa tangaran.
Ba ruwanta da fenti:
man kaɗe da tsumma,
sai ga fuskarka a ciki.

Wani ɗan kwangila daga Malali
ya so teburin ofis, ya ɗora kuɗi a benci.
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ya ƙara. Na ce Allah ya ba da haƙuri.
Shekara goma sha ɗaya ina share masa ƙura.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
wata tsohuwa ta sauka daga a-daidaita,
Kande sunanta, daga wajen Kachia,
da ƙunshi a tsohon zane.
Ta kwance: kujera 'yar tsuguno,
ƙafa uku da rabi.
"Ta kakata ce. A kanta nake tuƙa tuwo.
A kanta na yaye bakwai.
Na zaga rumfunan katako kaf,
kowa sai ya ce, Mama, babu."

Ta ce a garinsu, da rani,
tun ganye bai fito ba fure ke fitowa,
tudu ya yi rawaya har ya kashe ido.
Makiyaya su hau su sassaro wa shanu ganye.
In ka sari ɓawon, jini ne ke zuba,
ja, kamar na mutum.
Sai ga injuna. Sai ga tireloli.
Aka ce Legas, aka ce jirgin ruwa.
"Yanzu kututture ne, ɗana,
awaki ke hawa su sha iska."

Na dubi bayan ƙofa.

Taƙi ɗaya na auna.
Zarto ya yi ta gardama, na yi ta ba shi haƙuri.
Na fiƙe kan, na zura a tsohon ramin,
ya shige cif, babu ƙusa, babu gam.
Sabuwar ƙafa ta yi haske cikin 'yan'uwanta.
Na ce, "Ba ta shekara talatin, za ta kamo su."
Ta ce, "Jikata za ta gani."

Ta zauna a kai, nan tsakiyar shago,
ta karkata dama, ta karkata hagu.
Shiru.
Ta kwance bakin zane: ɗari biyar,
da busasshiyar citta, rabin mudu.

Tanimu mai walda ya leƙo bayan ta tafi:
"Kai da ka ƙi kuɗin Malali,
ka yanka don citta?"
Ban ba shi amsa ba,
atishawa nake yi.

Fallen na nan a bayan ƙofa.
Ya rage tsawo,
bakinsa sabo, ja,
shago duk ƙamshin madobiya.